Ya Wuce, Buɗe Idonka

Aikin Injiniya gyaran lif ne, akwatin nan da ke hawa da sauka da mutane a dogayen benaye. Idan lif ta maƙale tsakanin hawa na bakwai da na takwas, mutane suna ciki suna gumi suna dukan ƙofa, shi ake kira. Zai zo da jakar kayan aikinsa wadda zif ɗinta ya daɗe da mutuwa, ya ɗaura fitila a goshi, ya buɗe ƙofar da wani ɗan makulli mai kusurwa uku, ya leƙa ramin da ba a ganin ƙarshensa, sannan ya taka rufin akwatin hankalinsa kwance. Na taɓa raka shi sau ɗaya. Leƙawa kawai na yi, na ja da baya na dafa bango. Shi kuwa yana can cikin duhu yana ta yin fito da baki. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta, kuma ko yaya ya wanke sai ka ga baƙin mai a gefen faratansa. In aka ce a nuna marar tsoro a cikinmu, shi za a nuna, ba gardama.

Ni shagon fotokofi nake da shi. Ina ɗinke takardu, ina sa leda a takardun shaida, ina faɗa da ɗalibai masu zuwa da shafi ɗari uku minti goma kafin a rufe karɓa. In ka ji an ce ina da saurin fushi, kada ka wahalar da kanka wajen kare ni, haka ne. Mai ɗakina ta ce ko da kujera sai na iya yin rigima in ta tsaya mini a hanya. A bayan shagon akwai wani ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya, inda nake ajiye matacciyar na'ura da kwalayen takarda. A nan muke haɗuwa duk ranar Asabar da yamma, mu masu son finafinan ban tsoro. Kujerun roba, butar shayi ta lantarki, kofuna da babu biyu masu kama da juna. Shekara tara ke nan muna wannan abin.

Da muna da yawa, amma waɗanda suka dawwama mu biyar ne. Ni, da suke kira Shugaba don tsokana. Malama, mai koyar da lissafi a sakandare, wadda ba ta yarda da fim sai ta gano inda labarinsa ya saɓa wa hankali. Mai kantin magani na kan kwana, da muke ce wa Dokta, shi kuma jini kawai yake so ya gani, in babu jini ya ce an cuce shi. Sai Injiniya da matarsa, Sista, ma'aikaciyar jinya a ɗakin tiyata.

Tsarinmu mai sauƙi ne. Ranar Asabar zan zuba wa kowa fim ɗin mako a filashi, kowa ya je gida ya kalla, Asabar mai zuwa a zo a baje shi. Ba ma kiran finafinan da sunayensu, don Dokta ba ya iya riƙe suna. Da abin da ke ciki muke kiransu: na rijiya, na tsohon otal, na matar da ke ƙirga matakala. Kowa zai faɗi daidai inda tsigar jikinsa ta tashi, da inda ya ji an raina masa hankali. Doka ɗaya ce tak, kuma ni na kafa ta: wanda bai kalla da idonsa har ƙarshe ba, ba shi da bakin magana, wanda kuma aka kama yana ƙaryar ya kalla, ya bar mana kujerarmu. Na kafa ta ne saboda wani ɗan gayu da ya riƙa karanta taƙaitaccen labari a waya yana zuwa yana cika mana baki. Ran da na kama shi, ko shayinsa ban bari ya ƙarasa ba.

A wannan zaman babu wanda ake jira ya buɗe baki kamar Injiniya. Mu duka abin da muka gani muke faɗa, shi kuwa sai ya zo da abin da ba wanda ya lura da shi. Zai ce, kun ji firij ɗin kicin ya daina ƙara kafin matar ta juyo? Zai ce takun da ke saman silin na mutum biyu ne, ɗaya yana jan ƙafar hagu. A na tsohon otal ya ce lif ɗin da suka nuna ƙarya ce, ƙarar ta irin mai igiya ce alhali sun nuna mai hawa da mai, kuma wannan ya ɓata masa rai fiye da fatalwar. Sai mu koma gida mu sake saurara, mu tarar haka ne. Malama, wadda ba ta cika yabon mutum ba, ta ce kunnen Injiniya ya fi idonmu mu huɗu.

Sista ba ta da yawan magana. Gajera ce, ga son dariya ƙasa-ƙasa, kullum tana zuwa da biskit a leda da takalmin asibiti a ƙafa. Tana zama a hagunsa, gwiwarta kusa da tasa. Ita ce ainihin mai son abin, mun sani, tun tana budurwa. In Dokta ya fara zuzuta wani yanka da aka yi a fim, sai ta ce masa cikin ruwan sanyi jinin ya cika ja, na gaske ya fi haka duhu, ta ci gaba da tsoma biskit a shayi.

Aibin Injiniya ɗaya ne, kuma ya sha tayar mini da hawan jini. Wani lokaci sai ya zo da ƙarshen labari wanda ba shi ne a fim ba. Wanda ba na mantawa shi ne na makarantar kwana. Akwai wata yarinya da aka kulle a ɗakin ajiyar katifu, abin yana tahowa ta ƙarƙashin ƙofa. Kowa ya ga yadda ta ƙare, kuma ba ta ƙare da kyau ba. Injiniya ya zo ya zauna, ya ce shi abin da ya burge shi shi ne yadda yarinyar ta yi dabara ta fice ta taga. Na ce wace taga? Ɗakin ma ba shi da taga! Ya ce akwai, ƙarama, can sama bayan katifun. Na miƙe tsaye, na ce bari in ɗauko kwamfuta yanzun nan a kunna a gani. Sai Sista ta ɗago kai ta ce, “Ni ma abin da na gani ke nan.” Ta dube ni, ta ƙara da cewa, “Shugaba, shayinka zai huce.” Ban san me ke cikin kallon nan ba, amma na koma na zauna. Haka ta faru sau huɗu ko biyar a shekarun nan: kare da ya tsira, tsoho da aka ce suma kawai ya yi. A ƙarshe Malama ta yanke hukunci cewa talabijin ɗinsu ce ke tsallake wasu wurare, muka bar shi a haka, ya zama abin tsokana. In fim ya ƙare da mugun ƙarshe sai Dokta ya ce a jira a ji yadda ya ƙare a gidan Injiniya.

Sista ta rasu bara, bayan jinyar da ba ta kai wata ɗaya ba. Ciwon ciki ne aka ɗauka ƙarami, ashe ya riga ya ci jiki. Mun je gaisuwa mu uku. Gidansu ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku na wani tsohon bene, kuma abin dariya, benen ba shi da lif. 'Yarsu ɗaya ce tilo, tana aure a wani gari mai nisa. Ta zo ta yi mako biyu, ta kwashe kayan uwar ta raba, ta so ta tafi da uban ya ƙi. Na ji ta a ƙofa tana ce masa, Baba, don Allah waɗannan finafinan ka daina, kai kaɗai a gida. Ya ce to. Tun daga nan ranar Lahadi take kiransa, minti biyar, ta tambayi ciwon ƙafarsa da abin da ya ci.

Wata biyu bai zo ba. Ran da ya dawo, ya shigo da jakarsa a kafaɗa, ya ajiye ledar biskit a kan kwalin da muke amfani da shi a matsayin tebur, irin wanda take kawowa. Na riga na jingine kujera ɗaya a bango don kada ya gan ta babu kowa. Ya je ya ɗauko ta ya ajiye a hagunsa, ya ɗora jakar a kai. Da za mu tashi ya tsaya yana taya ni wanke kofuna, abin da bai taɓa yi ba, ya ce mini daga Litinin zuwa Juma'a in ba “lif ta gyaru?” ba, babu wanda ke ce masa komai. Ya ce Asabar ɗin nan ita ce ta rage masa. Na ji maganar, wallahi na ji ta, kuma wannan ne ya sa abin da na yi daga baya ya fi muni.

A makonnin da suka biyo na fara lura da wani abu. Kunnen nan yana nan, har ya fi da. Amma in aka zo kan abin da aka gani, sai ya yi shiru, ya bar Dokta ya fara, sannan ya bi bayansa da “haka ne, haka ne.” In Malama ta tambaye shi fuskar abin, sai ya ce ai ba a magana, ya kai kofi baki. Ƙarshen labaransa na daban ma suka ɗauke ɗif. Ni kuma da baƙin halina sai zuciya ta fara raya mini cewa mutumin nan ba ya kallo. Na ce a raina yana kunna fim ɗin ne yana wanke-wanke ko yana gyangyaɗi, ya tsinci ƙara biyu uku ya zo ya rufe mu da su. Na gaya wa mai ɗakina. Ta ce in ma haka ne ina ruwanka, mutum matarsa ta mutu, ka bar shi ya sha shayinsa. Na ce doka doka ce. Ta ce dokar da kai ka ƙirƙira a bayan shagon fotokofi? Na yi banza da ita.

Sai aka zo makon na tsohuwa mai ɗinki. Fim ne mai wayo. Tsohuwar tana kurumcewa a hankali, shi ma fim ɗin sautinsa yana raguwa tare da ita, har kwata na ƙarshe ya zama babu ƙara ko ɗaya, tsit, sai hoto. Duk abin tsoron a cikin shirun nan yake. Ranar Asabar Injiniya ya yi bayani mai daɗi kan ƙarar keken ɗinkin, yadda take canzawa in tsohuwar ba ita kaɗai ba ce a ɗakin. Da aka zo ƙarshe ya ja bakinsa ya rufe. Sai shaiɗan ya hau kaina. Na gyara zama, na ce ni inda na kusa faɗuwa daga kujera shi ne can ƙarshe, lokacin da hannu ya fito daga tankin ruwa ya kama wuyan tsohuwar. Malama ta buɗe baki za ta yi magana, na taka mata ƙafa. Na juya na ce, ko ba haka ba, Injiniya?

Ya ce, “Ai wurin nan ba dama. Ni ma nan ne.”

Babu tanki a fim ɗin. Babu hannu. Tsohuwar ma ba ta mutu ba.

Abin da na faɗa masa ba zan maimaita shi duka ba, don ina jin kunya. Na ce shekara tara yana zaune yana cin amanarmu. Na ce ɗan gayun da na kora ya fi shi, don shi aƙalla yana karantawa. Har na ce ashe Sista ce ke ɗauke da shi, da ta tafi ga shi nan ya bayyana. Dokta yana ta cewa Shugaba ya isa, ya isa, ni kuwa kamar ana ƙara zuga ni. Injiniya bai musa ba, bai kare kansa ba. Ya dube ni, ya dubi kofinsa, ya shanye sauran shayin. Ya tashi ya wanke kofin a bokiti, ya kife shi, ya ɗauki jakarsa, ya mayar da kujerun biyu jikin bango. A bakin ƙofa ya tsaya ya miƙo mini hannu. Na ɗauka sallama ce, ashe filashinsa yake so, wanda na riga na zuba wa fim ɗin mako mai zuwa. Na cilla masa a tafin hannu. Malama ta tattara jakarta ta ce mini ta koyar da yara marasa kunya shekara ashirin, amma yau ta ga babbansu.

Asabar uku muka yi mu uku. Dokta ya faɗi jininsa, Malama ta faɗi kurakuranta, ni in faɗi nawa, minti ashirin an gama, sai ƙarar butar shayi. Babu mai cewa kun ji kaza? Na kama kaina ina kallon fim a gida ina kasa kunne, ina neman abin da da shi ne zai ji, ban ji komai ba sai kiɗa. Mai ɗakina ta daina yi mini maganar, wanda ya fi maganar ciwo. Ranar wata Juma'a da rana na rufe shago da wuri, na zuba finafinai uku da suka wuce shi a sabon filashi, na ce zan kai masa in ajiye in juyo. Ban shirya ba da haƙuri ba, kada in yi ƙarya. Na dai shirya in ce ga wannan.

Na hau matakalar nan hawa uku ina haki ina zagin wanda ya gina benen. Wajen ƙarfe huɗu ne, rana tana nan da sauranta. Ƙofarsa a buɗe take kaɗan, an tokare ta da takalmi don iska. Na yi sallama, shiru. Na tura na leƙa.

Labulen falon duk a ɗage suke, haske ya cika ɗakin. Talabijin tana kunne, amma babu komai a kanta sai shuɗin allo da ɗan rubutun da ke yawo daga kusurwa zuwa kusurwa, alamar fim ya daɗe da ƙarewa. Injiniya yana zaune a gefen dama na doguwar kujera, da kayan aikinsa a jiki, ya haɗe gwiwoyi, ya rufe fuskarsa da manyan hannuwan nan biyu. Bai motsa ba. Na ɗauka wani abu ya same shi. Na kira shi da ƙarfi. Ya zabura, amma bai sauke hannun ba.

Ta cikin yatsu ya ce, “Shugaba? Ya ƙare?”

Na ce ya ƙare tun tuni.

Sai ya sauke hannu a hankali, yana ƙifta ido. Yatsun sun yi masa sawu a goshi. Ya dubi agogon bango ya ce yau da sauƙi, minti arba'in kawai ya yi yana jira. Na tsohuwa mai ɗinki ne, karo na huɗu ke nan yana gwada shi. Ya ce sauran finafinan in sun ƙare kiɗan ƙarshe yana gaya masa, wannan kuwa shiru yake shiga ya ƙare a cikin shiru, ba ya sanin ko abin yana nan a allon yana jiransa.

Na nemi wuri zan zauna, na nufi gefen hagu na kujerar, sai na ga ɗan matashin kai da ya lotsa a tsakiya da wani siririn mayafi a ninke a kai. Na ja kujerar cin abinci na zauna a kanta.

A nan ya ba ni labarin, yana kallon hannuwansa. Shi tun yana yaro ba ya iya kallon irin waɗannan abubuwa. Rami mai hawa ashirin ba ya damunsa, don ya san abin da ke ciki, igiya ce da ƙarfe da mai. Amma fuska ta leƙo ta bayan labule, a'a. Lokacin da yake neman Sista ta ce ya kai ta kallon wani fim ɗin tsoro, ya ji kunyar ya ce yana tsoro. Minti goma da farawa ya rufe ido. Ta gan shi, ba ta yi dariya ba. Ta matso ta riƙa raɗa masa abin da ke faruwa, da wurin ya wuce ta bugi gwiwarsa sau biyu da yatsa, ta ce, ya wuce, buɗe idonka. Shekara ashirin da shida haka suke kallo, da rana, labule a ɗage, ran da ba ta da aiki. Da kiɗa ya fara canzawa zai rufe, ita ta zama idonsa, shi kuma da yake ba abin da ya rage masa sai kunne, ya riƙa jiyo mata abin da ba ta ji ba. Ya ce bai taɓa ganin fuskar fatalwa ko ɗaya ba a duk finafinan da muka yi shekara tara muna tattaunawa. Ya ce dokata ya karya ta tun ranar farko, kuma na yi daidai.

Na tambaye shi to don me yake ci gaba, tunda ga shi shi kaɗai, kuma na kore shi. Ya ce ƙarfe biyu na ranar Juma'a in ta yi, lokacin da suka saba kallo shi da ita, bai san me zai yi da kansa ba in ba wannan ba. Ya gwada kallo da ido buɗe, ya kasa. Ya gwada leƙe ta tsakanin yatsu, ya ga rabin wani abu, ya kwana biyu bai shiga banɗaki da ƙofa a rufe ba. Ya yi 'yar dariya da ya faɗi haka, ni ban iya tayawa ba. Tausayinsa ya kama ni, kunyar kaina kuma ta fi tausayin yawa. Na ce masa ya yafe mini, bakina ne ba shi da linzami. Ya ce ba komai, ya tashi ya dafa mana shayi. Kofi biyu ya ɗauko daga kabad ba tare da ya duba ba, na ga ya ɗan tsaya da na biyun a hannu kafin ya zuba mini.

Muna sha sai ya ce yana so ya tambaye ni wani abu, tunda ni ba na ɓoye gaskiya ko da za ta kashe mutum.

“Na makarantar kwanan nan. Yarinyar da ke ɗakin katifu. Ta fita ta taga?”

Na tuna kallon da Sista ta yi mini ran nan, da shayina da ta ce zai huce. Sai yanzu na gane me take roƙo. Ni da na kori mutum kan ƙaryar fim, na dubi tsabar idonsa na ce, “Ta fita. Akwai taga can sama bayan katifun, ni ne ban lura ba sai da na sake kallo.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya girgiza kai, ya ce, “Kai ba ka iya ba. Ita ta iya.”

Ya ce ai ya ji. Ya ji lokacin da numfashin yarinyar ya tsaya, ya ji babu ƙarar gilashi, babu ƙarar ƙafa a waje. Karen ma ya ji, tsohon ma ya ji. Tun ranar ya sani, duk ya sani. Amma tana raɗa masa a kunne cewa ga taga, ga yarinya ta hau katifu, ga ta ta fice, tana yi da gaske har da ƙananan bayanai, ita da ta wuni a ɗakin tiyata tana ganin waɗanda ba su fita ba. Ya ce in ta ce yarinya ta fita, shi wane ne da zai ce ba ta fita ba? Shi ya sa yake zuwa ranar Asabar ya faɗa da ƙarfinsa, don ta ji ya yarda.

Na ɗauki rimot na mayar da fim ɗin daidai inda shirun ya fara, na ce ya rufe idonsa. Na ba shi labarin kwatan nan na ƙarshe daga kan kujerar cin abinci, yadda ya faru, ban ƙara ba ban rage ba. Da aka gama ya ce fim ɗin ya yi kyau, amma ba da labarina kamar mai karanta takardar gargaɗi ne, ina gaggawa, kuma ina faɗin abu kafin ya faru.

Washegari Asabar ya zo. Na sanar cewa an yi wa doka gyara: wanda ya zauna gaban fim daga farko har ƙarshe ya kalla, ko da me ya kalla. Malama ta ce wannan ba gyara ba ne, rushewa ce, kuma ta goyi baya. Dokta bai gane komai ba, ba kuma wanda ya yi masa bayani. Injiniya ya ɗauko kujeru biyu daga jikin bango, ya ɗora jakarsa a ta hagu, ya ce kun lura keken ɗinkin bai tsaya ba ko da ta ɗauke ƙafarta?

Yanzu duk Juma'a ƙarfe biyu nake rufe shago, ɗalibai su yi ta buga ƙofa, su suka sani. Ina hawa benen nan ina haki, in ja kujerar cin abinci in zauna a damansa. Na ɗan iya yanzu, na daina gaggawa, ko da yake har yau ban taɓa fitar da kowa ta taga ba, shi ma bai nema ba. Abu ɗaya ne ban saba da shi ba. In wurin ya wuce na ce masa ya wuce, buɗe idonka, ba ya buɗewa nan take. Yakan ƙara ɗan jira, hannu a fuska, gwiwarsa ta hagu a karkace wajen matashin nan. Ni kuma sai in yi shiru in kalli allo, har ya gama jiran ya sauke hannunsa.